Juyin Juya Hali, Juyin Mulki da Tawaye: Amsoshin Masu Karatu

Wata malamar tarihi daga Ƙofar Marusa a Katsina ta rubuto tana tambaya ko juyin juya hali da juyin mulki da tawaye abu ɗaya ne, domin ɗalibanta suna musanya su yadda suka ga dama.

Malama, ba ɗaya ba ne, ko da yake gida guda suka fito. Tawaye shi ne fita daga ɗa'ar mai mulki, ko an yi nasara ko ba a yi ba, kuma kalma ce da mai riƙe da gari ya fi so, domin da ita yake ɓata sunan wanda ya ja da shi. Juyin mulki kuwa aikin 'yan tsiraru ne, galibi sojoji, waɗanda kan kawar da wanda ke kan kujera su bar kujerar a inda take. Juyin juya hali ya fi su zurfi, domin abin da ake nufi da hali a nan shi ne yanayin zaman jama'a gaba ɗaya: wa ke da ƙasa, wa ke biyan haraji, wa ke da ikon yanke hukunci. Abin da ya faru a Faransa daga 1789 shi ne misalin da ya fi fitowa fili, domin bayan jama'ar Paris sun fasa kurkukun Bastil ranar 14 ga Yuli, an soke gatan masu sarauta, an ƙwace filayen coci, daga bisani aka soke sarautar kanta a 1792, aka fille kan Sarki Luwi na 16 a watan Janairun 1793. Wani lokaci ɗaya kan haifi ɗayan. Hafsoshin da suka tuɓe Sarki Faruk na Masar a 1952 juyin mulki suka yi, amma da suka raba filayen manyan masu ƙasa ga manoma, suka kuma ayyana jamhuriya a 1953, sai lamarin ya wuce sauyin shugaba kawai.

Wani mai karatu ya nemi bayanin karin maganar nan, "In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere", yana tambaya ko tana halatta mugunta kaɗan.

Ba ta halatta ba. Gatse ne irin na manya, ma'anarsa kuwa mai haƙa ramin shi ake sa ran zai faɗa ciki. Ban san labarin da ya fassara wannan magana kamar na Robespiyer ba, lauyan da ya zama jigon masu juyin Faransa. Da hannunsa aka tura abokin tafiyarsa Danton ga gilotin, wato na'urar fille kai, a watan Afrilun 1794. A watan Yuni ya mara wa wata doka baya wadda ta hana wanda ake tuhuma ɗaukar lauya, ta kuma bar wa kotu zaɓi biyu kacal, ko saki ko kisa. Ba a yi wata biyu ba majalisa ta juya masa baya, kuma ranar 28 ga Yuli aka kai shi dandalin da aka kashe sarki, muƙamuƙinsa a karye an ɗaure da ƙyalle, aka fille masa kai ba tare da an saurari hujjarsa ba. Har yau Faransawa ba su daidaita a kansa ba, wasu na ganin mutum ne da bai taɓa cin hanci ba, wasu kuwa jinin da aka zubar kaɗai suke tunawa.

Shi wannan mai karatu ya haɗa da tambayar "an yi gudun gara an faɗa gidan zago". Zago babbar gara ce mai cizo, saboda haka ana faɗin maganar ga wanda ya guje wa ƙaramar wahala ya afka babba. Habashawa sun ga haka bayan sojojin Derg, wato kwamitin sojojin da ya ƙwace mulki, sun fitar da Sarki Haile Selassie daga fadarsa cikin ƙaramar mota ƙirar Volkswagen a 1974, domin mulkin Mengistu, jagoran Derg, da ya biyo baya ya kashe dubban matasa, har shi ma ya tsere zuwa Zimbabwe a 1991. Sai dai ina jan hankali kada a mayar da maganar hujjar wanke sarakunan da aka kawar, domin yunwar lardin Wollo na Habasha da fadar ta yi sakaci da ita tana cikin abin da ya tunzura jama'a.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Daura: shin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 juyin juya hali ne?

Ɗana, a ganina amsar rabi da rabi ce. An sauya gidajen sarauta, an kuma sauya tushen halaccin mulki, domin tutar Shehu ta zama hujjar sarki. A Katsina Ummarun Dallaje ya karɓi gari, zuriyar sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi. A Daura Sarkin Gwari Abdu ya bar birni, Malam Ishaƙu ya zauna, zuriyar Abdu suka riƙe Zango da Ɓaure. Amma sarauta ba ta mutu ba kamar yadda aka yi niyyar kashe ta a Paris. Sunayen Galadima da Ƙaura da Durɓi sun ci gaba da amfani, fada ta ci gaba da zama fada. Garinku ma ya zo da abin da ba kasafai ake gani ba, domin a 1906 Turawan Ingila sun dawo da Malam Musa, daga tsatson sarakunan da aka kora, kan gadon sarautar Daura, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da ita har yanzu. Idan za ka rubuta wannan a jarrabawa, kira shi jihadi kamar yadda masu shi suka kira shi, sannan ka bayyana abin da ya sauya da abin da ya bari.