Hukuncin Salla da Azumi a Inda Rana Ke Fitowa Sau Ɗaya a Shekara

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Shara Mansur nan Makka. Ɗana injiniya ne, ya samu aikin wata huɗu a tashar bincike ta Amundsen-Scott, a ƙuryar kudancin duniya. An ce masa can rana ba ta faɗuwa, kuma agogon Niyuzilan suke bi. Da wane lokaci zai yi salla da azumi?

AMSA: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Alhaji, Allah ya kai shi lafiya, ya dawo maka da shi lafiya.

Mu fara raba agogo da lokacin salla, domin nan ruɗanin yake. Agogon ƙasashe yarjejeniya ce ta mutane. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, sai aka zana layuka daga arewa zuwa kudu, aka kuma yarda a taron Washinton na 1884 a fara ƙirga daga Girinwic ta Ingila. Shi ya sa Makka ke gaban Kano da awa 2. To, duk layukan nan a ƙuryoyin duniya biyu suke haɗuwa, kamar yadda saƙar faifai ke tattaruwa a cibiyarsa. Wanda ya tsaya a wurin yana kan dukkansu, babu agogon da ya fi wani cancanta. Mutanen tashar sun ɗauki na Niyuzilan ne saboda jiragen da ke kai musu kaya daga garin Christchurch na Niyuzilan suke tasowa.

Ita kuwa salla da rana aka ɗaure ta: zawali, faɗuwa, ɓacewar shafaƙi, ketowar alfijir. A can rana tana fitowa wajen 21 ga Satumba, ta yi ta kewaya sama har wajen 21 ga Maris. Alamomin sun ɓace ke nan, amma farilla tana nan. Muslim ya ruwaito daga Nawwas bin Sam'an cewa Annabi (SAW) ya ce a kwanakin Dujal akwai yini kamar shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini guda za ta wadatar a cikinsa, ya ce: "A'a, ku ƙaddara masa gwargwadonsa." Saboda haka salloli biyar ne a kan ɗanka cikin kowace awa 24, kuma wannan ba abin sassauci ba ne.

Saura da me za a ƙaddara. Majalisar Manyan Malaman Saudiyya, a shekarar 1398 Hijira, ta ce a bi gari mafi kusa da ake bambance dare da rana a cikinsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta ce wanda ya haura digiri 66 arewa ko kudu da layin tsakiyar duniya ya yi ƙiyasi da lokutan wurin da ke digiri 45. Wasu malaman sun ce a bi Makka, kuma ba na kushe wannan.

Abin da na rinjayar masa shi ne jadawalin sallar Christchurch. Garin yana wajen digiri 43 da rabi, dab da ma'aunin Rabiɗa, kuma agogonsa ne a bangon tashar, don haka Asuba za ta zo masa lokacin tashi, Isha'i lokacin kwanciya. In ya bi Makka, tazarar awa 10 ce a watannin da rana ba ta faɗuwa, Azahar za ta riske shi bayan ƙarfe goman dare. Duk wanda ya zaɓa ya tsaya a kansa, kada ya riƙa sauyawa don neman gajeren yini. Haka zai yi sahur da buɗa-baki da jadawalin, ko da rana na haska fuskarsa.

Alƙibla kuma, a can kowace fuska arewa ce. Ya nemi a nuna masa layin digiri 40 na gabas, shi ne kusan na Makka, ya fuskance shi.

Wallahu a'alam.