Amsa kan tsutsar lemu da ta masara: wacce za a kashe, wacce za a bari

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin ga tsutsa iri biyu a lambun bayan gidanki, ɗaya a kan lemun tsami, ɗaya a cikin masara, kuma kina tambaya ko ki haɗa su ki yi musu feshi gaba ɗaya. Shawarata ita ce kada ki yi haka, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

A shekarun da na yi ina aikin lambu, kafin in dubi jikin tsutsa sai na fara duba shukar da take ci, saboda da yawa daga cikinsu ba sa barin dangin shukar da uwarsu ta saka ƙwai a kai. Wadda ke kan lemunki, mai ruwan ƙasa da fari kamar kashin tsuntsu, 'yar wani babban malam-buɗe-littafi ce, baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya. Idan ta ƙara girma sai ta rikiɗe ta koma koriya shar, kuma in kika taɓa ta da tsinke za ki ga ta fito da wasu ƙahonni biyu masu laushi daga bayan kanta, tare da wani wari mai ƙarfi da take korar maƙiya da shi, amma ba ta harbi. Babbar bishiya ba ta jin ɓarnarta, don haka ki ƙyale ta. Ƙaramin dashe ne abin tsoro. Na taɓa wayar gari na tarar da dashen da nake reno a leda ya zama tsinke tsirara. Tun daga lokacin nake tsince su da hannu in mayar kan babbar bishiya. Haka ma mai zanen baƙi da fari da rawaya da ake gani a kan tumfafiya, ba ruwanta da kayan miyarki.

Ta masara kuwa ba a yi mata sassauci. Ki buɗe tsakiyar karan, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe. Idan kin ga ganyen ya yayyage, ga kashi tuli kamar jiƙaƙƙiyar dusa, to ki zaro tsutsar ki duba: a goshinta akwai farin zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta kuma baƙaƙen ɗigo huɗu a jere murabba'i. Wannan ita ce tsutsar da ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka, aka fara tabbatar da ita a 2016, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka gan ta. Da yake a zuciyar shukar take ɓuya, feshin da aka yi sama-sama da tsakar rana sau da yawa asarar kuɗi ne kawai.

A ɗan lambu irin naki, ki riƙa zagayawa da sassafe ko da yamma, ki murƙushe ƙwayayen da ke dunƙule a jikin ganye masu kama da an lulluɓe su da auduga, ki kashe tsutsar da hannu, sannan ki barbaɗa toka haɗe da yashi a tsakiyar kowane kara. Ina kuma daka 'ya'yan darbejiya in jiƙa su kwana ɗaya, in tace, in sa ɗan sabulu, in zuba a ciki. Ya fi tasiri tun tsutsar tana ƙarama. In abin ya fi ƙarfinki, ki nemi malamin gona ya zaɓa miki magani, ki kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin girbi, tunda yara ne za su gasa masarar.

Idan kuma kika ga tsutsa da wasu fararen abubuwa kamar ƙwayoyin shinkafa manne a jikinta, kada ki kashe ta. 'Ya'yan wasu ƙananan ƙwari ne dangin zanzaro suka riga suka cinye cikinta, kuma in sun fito sauran tsutsotsin za su nema. Mai gashi dai kada ki taɓa ta da hannu tsirara, wasunsu na sa ƙaiƙayi sosai.