Na sabunta VLC hoto ya ɓace, da sauran tambayoyinku

Wasiƙun wannan mako kusan duk kuka ɗaya suke yi: an sabunta manhajar kallon bidiyo, ta ƙi aiki, ana neman hanyar komawa tsohuwa. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar laftof mai Windows 7 da nake saka wa yara karatu da fina-finai. Shekara da shekaru VLC 2.2.4 ce a kanta, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ranar Asabar ta nuna mini akwai sabuwa, na danna. Tun daga nan in na buɗe bidiyo murya tana fita, amma allon baƙi ƙirin, wani sa'in kore. Na shiga Google na nemi tsohuwar, na sauko da ita daga wani shafi, yanzu kuma burauzata ta cika da talla, ko ban taɓa komai ba sai shafuka su riƙa buɗe kansu. Yaya zan yi? Daga wani uban yara a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Garin gudun gara ka faɗa gidan zago. Matsalarka ta farko aikin minti biyu ce, ta biyun da ka sayo da hannunka ita ce za ta ci mana yini.

Mu fara da baƙin allo. Murya tana fita hoto babu, ma'ana VLC ɗin ta hau lafiya, fayil ɗinka ma lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne, daga siga ta 3.0 da ta fito a watan Fabrairun 2018, VLC ta koma miƙa aikin warware bidiyo ga katin hoto na kwamfuta kai tsaye, ba tare da ta tambaye ka ba, kuma a sabbin sigogin Windows ta canza hanyar da take zana hoto a allo zuwa wadda ake kira Direct3D11. A sabuwar kwamfuta wannan alheri ne, batir ya fi daɗewa, fanka ba ta ihu. A laftof irin taka, wadda rabon direban katin hotonta da sabuntawa tun ranar da aka sayo ta, sai katin ya karɓi aikin da bai iya ba, ya mayar maka da baƙi ko kore.

Ka buɗe VLC, ka shiga Tools, sannan Preferences, sashen Input/Codecs. Layin da aka rubuta Hardware-accelerated decoding, mayar da shi Disable. Ka koma sashen Video, wajen Output ka zaɓi Direct3D9, in ya ƙi ka gwada OpenGL. Ka adana, ka rufe VLC gaba ɗaya, ka sake buɗewa. Mafi yawan baƙin allon da ake kawo mini a nan yake ƙarewa. In bai ƙare ba, akwai maɓallin Reset Preferences a ƙasan wannan tagar, ka danna, don sau da yawa tsofaffin saituna ne ke rigima da sabuwar siga.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Me ya kai ka shafin da ba ka sani ba? VLC kyauta ce tun 2001, ƙungiyar VideoLAN ta ƙasar Faransa ce ke kula da ita, ba ta da talla, ba ta da wata siga ta kuɗi. Duk inda ka ga an rubuta VLC Pro ko VLC Plus, tarko ne. Kuma masu ita ba su ɓoye tsofaffin sigoginta ba, duk suna nan a jere a download.videolan.org/pub/videolan/vlc, kowace lamba da aljihunta, wato foldarta. Amma mutanenmu sai su rubuta tambaya a Google, su danna abu na farko da ya fito, wanda sau da yawa talla ne aka biya kuɗi aka ɗora a sama, su shiga shafi mai koren maɓallin saukewa guda huɗu, su zaɓi wanda ya fi girma. Mutumin da ba zai sayi buhun shinkafa ba sai ya sa hannu ya ɗebo ya duba ƙwayar, shi ne zai ba wa fayil ɗin da bai san asalinsa ba izinin shiga ko'ina a kwamfutarsa.

Na taɓa karɓar wata laftof da mai ita ya rantse manhaja ɗaya tak ya ɗora. Da na jera manhajojin bisa kwanan wata, bakwai na ƙirga a rana ɗaya, cikin minti uku. Ɗaya ce VLC. Sauran shida baƙi ne da suka shigo a bayanta, kuma ɗaya daga cikinsu ta canza shafin farko na burauza, ta maƙala kanta a jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows.

Haka za ka yi kai ma. Ka buɗe jerin manhajojinka a Control Panel, ka jera su bisa kwanan wata, duk abin da ya shigo daga ranar Asabar zuwa yau wanda ba ka san shi ba ka cire, har da VLC ɗin bogin. Ka shiga burauza ka goge duk wani ƙari da ba kai ka saka ba. Ka sa maganin bairos ya bincike kwamfutar kaf. In kana shiga imel ko banki da ita, ka canza kalmomin sirrinka daga wayarka yau ɗin nan.

In bayan duk wannan sabuwar sigar ta ƙi zama da laftof ɗin, to komawa baya ba laifi ba ne. Ka cire wadda ke kai, kuma wajen cirewa ka sa alama a akwatin goge saituna da ma'ajiyar wucin gadi. Mutane da yawa suna tsallake wannan, tsohuwar ta hau ta tarar da saitunan sabuwa, su dawo suna cewa ita ma ta lalace. Sannan ka sauko da 2.2.8, ba 2.2.4 ɗinka ba. Dalili: a watan Mayun 2017 masu bincike na kamfanin Check Point suka nuna cewa da fayil ɗin fassarar fim kaɗai, wannan rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, ana iya kutsawa kwamfutar mai tsohuwar VLC. Bayan 2.2.4 aka toshe wannan ƙofa. Ko 2.2.8 ɗin ma masauki ce, ba gida ba, domin a siga ta 3.0.7 kaɗai, a 2019, an toshe ramukan tsaro 33. Ga shi Windows 7 ita kanta Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. Laftof ɗin yara ta zauna a kallon abin da ka riga ka sani, kada ka riƙa buɗe duk bidiyon da aka turo da ita.

Al'adar da nake ta roƙonku ku ɗauka: kafin ka sabunta kowace manhaja da kake dogaro da ita, ka ajiye fayil ɗin ɗora sigar da ke maka aiki a filashi, da lambarta a jikin sunan. Nawa filashin yana maƙale da makullin gida. Da kana da irinsa, da ko Google ba ka buɗe ba.

Tambaya: Yallaɓai, na sabunta MX Player a wayata, yanzu wasu fina-finan hoto kawai suke yi, tana cewa ba ta gane sautin EAC3 ba. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, MX Player ba ta zuwa da mawarwarin wannan sauti, wato ɗan fayil ɗin da ke sa ta gane shi, saboda batun lasisi. Wanda ya saita miki wayar ya ɗora shi ne daban, kuma dole lambarsa ta dace da sigar manhajar, shi ya sa da kika sabunta suka raba gari. Ki ɗora VLC daga Play Store ki kalli fim ɗinki, ki kuma tuna jarrabawa na tafe.

Tambaya: Abokina ya turo mini tsohuwar sigar manhajar kallo ta hanyar Xender, amma in na zo ɗorawa sai wayar ta ce ba ta hau ba. Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Android ba ta yarda tsohuwar siga ta hau kan sabuwa. Sai ka cire sabuwar tukuna, kuma ka sani jerin waƙoƙinka da inda ka tsaya a kowane fim za su tafi tare da ita. In manhajar da ta zo da wayar ce, ba ka bukatar abokinka: shiga bayanan manhajar a saituna, ɗigo uku na sama, ka zaɓi cire sabuntawa. Bayan haka ka je shafinta a Play Store ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, in ba haka ba da ta samu intanet za ta koma gidan jiya. Shi kuma abokin naka, ka tambaye shi daga ina ya samo fayil ɗin, sannan ka karanta amsar da na ba mutumin Katsina.

Tambaya: Ina cikin sabunta VLC wuta ta ɗauke, kwamfutar tebur ce. Yanzu ba ta buɗewa, kuma ta ƙi ciruwa. Daga mai shagon buga takardu a Gusau.

Amsa: Malam, rabi sabuwa rabi tsohuwa ke gare ka. Sauko da cikakken fayil daga videolan.org ka ɗora a kanta, zai cike giɓin. In ya ƙi, goge aljihun VideoLAN da ke cikin Program Files da hannu, ka sake ɗorawa. Mai shago da kwamfutar tebur ba UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, wannan kam sai dai in ce Allah ya kyauta.

Tambaya: Ana iya mayar da manhaja tsohuwar siga a iPhone? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: A'a, Hajiya. Da zarar ta sabunta, App Store ba ta da hanyar komawa baya. Ki kashe sabuntawa ta kai tsaye a saitunan App Store saboda gaba, ki jira masu manhajar su fitar da gyara, ko ki ɗora wata ki riƙa kallo da ita kafin nan.