Sandar "terahaz" ta kasuwa da binciken yankunan maganadisu

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ina digiri na biyu a fannin fiziks a nan Legas, aikina kan amfani da terahaz, wani haske da ido ba ya gani, wajen ɗaukar hoton yankunan maganadisu, wato ƙananan sassan da maganadisun kowannensu ke fuskantar gefe ɗaya, a siririn shimfiɗin ƙarfe. An ce min tsawon zangon igiyar terahaz ya fi yankunan girma nesa ba kusa ba, wai aikin ba zai yiwu ba. Wani kuma a Agege yana tallar sandar terahaz ta magani, ya ce za ta biya min buƙata. Wallahi hankalina a tashe yake, shekara guda ta riga ta tafi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙanena, aikinka bai mutu ba. Gaskiya ne a terahaz 1 tsawon zangon maikromita 300 ne, wato kusan sulusin milimita, amma ai ba haska samfurin za ka yi da shi ba, samfurin ne zai fitar maka da shi. Ka harba leza mai bugun femtosakan, wato gajeren bugu ƙwarai da gaske, a kan shimfiɗin, elektiron masu juyi iri ɗaya su kwarara daga ƙarfen maganadisun zuwa shimfiɗin ƙarfen filatinam da ke manne da shi, a can su karkace su zama wutar lantarki ta ƙiftawar ido, ita ke haifar da terahaz ɗin. Inda maganadisun ya juya baya, bugun terahaz ɗin ma sai ya kife. Ke nan faɗin ɗigon lezarka ne ke yanke ƙanƙantar abin da za ka gani. Ka nemi aikin masana fiziks Seifert da Kampfrath na 2016, mai shimfiɗi uku da kaurinsu duka bai kai nanomita 6 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Sai dai maganadisun ya kasance kwance cikin shimfiɗin. In a tsaye yake, siginar za ta yi rauni ƙwarai.

Sandar nan kuwa, don Allah kada ka ba da ko kwabo. Na taɓa kwance ɗaya a kan teburina: fanka, wayar ɗumama iska, da 'yar fitila shuɗiya. Shi ke nan. In sun ce tana fitar da terahaz, ai kofin shayinka ma yana fitarwa, duk abu mai ɗumi haka yake. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake hura wa masu ciwon suga ita a kan gyambon ƙafa, ana cewa tana shiga har ɓargo. Ƙarya ce. Ruwa yana shanye terahaz, jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne, ko milimita ɗaya ba ya wucewa cikin fata. Tsoho ya ajiye maganinsa saboda iskar zafi, ƙafa ta ruɓe, wa zai amsa wannan gaban Allah? Kai da ka yi karatun, ka faɗa wa mutanen unguwarku, ko a ƙofar masallaci ne.

Ruwan nan dai shi zai dame ka a ɗakin gwaji. Laimar Legas tana cinye siginar, musamman wajen terahaz 0.56 da 0.75, don haka ka rufe hanyar hasken cikin akwati, ka cika shi da busasshen naitirojin kafin ka fara awo.