Hukuncin Ɗaukar Darasi Daga Fim Ɗin Barkwanci Da Aka Gina A Kan Mutuwa

Tambaya: Allah gafarta Malam, na kalli wani fim ɗin Turawa na barkwanci. Attajiri ne ya mutu, 'ya'yansa suka bar gawa a ɗaki suna kokawa a kan mukullin gida, shirme iri-iri. Na sha dariya, amma da dare na kasa barci, ina ta tunanin tawa mutuwar. Abokina ya ce neman hikima a shirme yaudarar Shaiɗan ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe: darasin da ka samu, da kallon da ka yi. Kowanne da hukuncinsa.

Darasin gaskiya ne, kuma ana karɓar gaskiya ko daga bakin wa ta fito. A Sahihul Bukhari, ɓarawon da Abu Huraira (RA) ya kama dare uku yana ɗibar abincin zakkar Ramadan shi ya koya masa karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya. Da Annabi (SAW) ya ji, sai ya ce ya faɗa maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne, wannan Shaiɗan ne. Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa Sharid (RA) ya yi ta karanta masa waƙoƙin Umayya ɗan Abis Salti, mutumin da bai musulunta ba, har baiti 100. Saboda haka abokinka ya tsananta. Mutane kan kawo hadisin "Hikima ɓatacciyar dabbar mumini ce" a irin wannan wuri, amma hadisin mai rauni ne, kuma ba mu da buƙatarsa.

Sai dai ka lura, Annabi (SAW) bai ce wa Abu Huraira ya koma ya ɗauki karatu wurin ɓarawon ba. A nan abokinka yake da rabon gaskiya. Darasi ba ya halatta abin da ke haram. Allah Ya tabbatar da cewa giya da caca suna da amfani ga mutane, sannan Ya ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma (Baƙara: 219). To, hukuncin kallon yana bin abin da ke cikin fim ɗin.

Shi kansa ƙirƙirarren labari malamai sun yi saɓani a kai. Wasu sun shigar da shi cikin hadisin Abu Dawuda da Tirmizi mai cewa bone ya tabbata ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya. Wasu suka ce ƙarya ita ce wadda mai ji zai ɗauka gaskiya ce. Na fi karkata ga na biyu, domin babu yaron da ya taɓa zargin kakarsa da ƙarya don ta ce Gizo ya yi magana.

Inda nake tsayawa sosai shi ne abin da ake yi wa dariya. In haɗamar magada ce da wautarsu, babu laifi, har ma tana tona asirin halin da muke gani a gidan makoki, ana zaman ta'aziyya wasu na raɗa a kan takardun fili. In kuwa gawar ce aka mayar abin wasa, ana jefa ta, ana wulaƙanta ta, wannan abin ƙi ne. Annabi (SAW) ya miƙe tsaye don gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" In abin ya kai ga izgili da Allah, ko Mala'ikan mutuwa, ko tashin ƙiyama, to haram ne yanke. Waɗanda suka yi haka a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, cewa suka yi raha kawai muke yi, kuma ba a karɓi uzurinsu ba (Tauba: 65-66). Aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta hana ko zama a wurin. Tsiraici da batsa kuwa hukuncinsu sananne ne.

Don haka, in fim ɗin ya kuɓuta daga waɗannan kuma bai ci maka lokacin salla ba, kallonsa halas ne, ba lada ba zunubi. In yana ɗauke da su, ka yi istigfari, kada ka sake, kada kuma ka tura wa wani da sunan wa'azi. Tsoron da ya hana ka barci ka yi aiki da shi: rubuta bashin da ke kanka, rubuta wasiyyarka, ka raka jana'iza ta gaba a unguwarku har bakin kabari.

Wallahu A'alamu.