Amsa ga mai son zuwa ƙasar Sin ya zama malamin Sinanci

Ƙanena, saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko za ka iya zuwa ƙasar Sin ka koyi harshen cikin shekara guda, sannan ka riƙa koyar da baƙi kana biyan kuɗin makaranta da na haya. Ba za ka iya ba, kuma gara ka ji daga bakina tun kafin Baba ya sayar da gona.

Bizar ɗalibi ba ta ba ka izinin aiki. Wanda aka kama yana aiki ba bisa ƙa'ida ba, dokar shige da fice ta tanadar masa tara daga yuan 5,000 zuwa 20,000, ana iya tsare shi, ana iya kuma korarsa daga ƙasar. Ko da doka ta yarda ma, wa zai biya Bahaushe ya koya masa Sinanci a garin da kowane mai sayar da shayi harshen uwarsa ke nan?

Abin da ya fi yi mini ciwo daga namu ya fito. Bayan na ci jarrabawar ƙwarewa a Sinanci ta HSK mataki na 6, wadda ke buƙatar kalmomi kusan 5,000, na fara koyar da 'yan kasuwarmu da ke sayen kaya a Guangzhou. Mutum zai zauna da kai awa biyu kana gyara masa baki, ya tashi ya ce Allah ya saka da alheri, alhali in Basine ne ya koyar da shi ba ya ko neman ragi. Wani ya ce mini a fuska shi "na asali" yake so. Ya je, ya dawo bayan ɗan lokaci bai iya tambayar farashi ba, domin malamin bai san inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe ba.

Ni kuwa na sani, kuma da wannan sanin nake ci a yau. Kunnenmu ya saba da hawa da saukar murya, saboda haka sautuka huɗu na Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, ba sa ba mu wahalar da suke ba Bature. Inda muke faɗuwa shi ne bambanta p da f, waɗanda a Hausa ɗaya ne. Ina sa ɗalibi ya riƙe 'yar takarda a gaban leɓɓansa, ya yi ta maimaitawa har sai ya ga iska ta kaɗa ta. Rubutun kuma ba shi da gajeriyar hanya, sai ka cika littattafai da hannunka.

Idan da gaske kake, ka fara tun daga gida. Akwai Cibiyar Confucius, mai koyar da Sinanci, a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. Ka kai HSK mataki na 5, ka ci jarrabawar magana ta HSKK, sannan ka nemi tallafin karatun digiri na biyu a fannin koyar da Sinanci. Kasuwar aikinka tana gida, wajen 'yan Kantin Kwari masu zirga-zirga zuwa Yiwu, birnin kasuwanci na ƙasar Sin, da matasan da ke neman aikin tafinta a kamfanonin Sinawa masu shimfiɗa layin dogo. Kada ka sake turo mini maganar biza sai ka haɗo da sakamakon jarrabawarka.