Kiliyar da ke tafiya da roba

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa kiliya, wato shafin nan marar launi da ake fesawa a saman fenti don sheƙi, wadda ta zauna lafiya a ƙofar mota, sai ta tsattsage a kan bamba, kuma wacce za ka zaɓa. To, ƙarfe ba ya motsi, ita kuwa roba kullum cikin lanƙwasa take. A jingina da ita ta lotsa, rana ta buɗa ta, sanyi ya tsuke ta. Duk abin da ka shimfiɗa a kanta, in bai bi ta ba, fashewa zai yi.

Kafin ka taɓa gwangwani, juya bambar ka duba bayanta. Akwai haruffan da aka buga tun daga masana'anta. In ka ga PP ko PP+EPDM ko TPO, to ka sani fenti ba ya kama wannan roba haka kawai, sai ka fara fesa mata siririn ruwan nan mai sa fenti ya manne. ABS ta fi sauƙin kai, amma tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, na cin ta. Na daɗe a aikin nan, yawancin bambar da ake dawo da ita ana zagin kiliya, laifin na ƙasa ne: ba a wanke maiƙon da roba ke fitowa da shi daga mazubi ba, ko an tsallake ruwan mannewa. In ka ga fenti na ɓarewa falle-falle har roba ta bayyana, ba ruwan kiliya. In tsaga ce kamar saƙar gizo, nan ne za ka tuhume ta.

Ita kiliyar, ɗauki 2K, wadda ake haɗawa da hadana, wato ruwan da ke sa ta ta yi tauri. Ta gwangwanin fesawa, 1K, bushewa kawai take yi, fetur na ɗiga mata sai ta yi laushi ta dushe. Kiliyar 2K ta yanzu na iya ɗaukar roba mai tauri, irin murfin madubi, ba tare da ƙari ba. Amma abin da za ka iya murɗawa da hannu, wannan yana son ruwan laushi, wato ƙarin da ke sa kiliya ta iya lanƙwasawa ba ta tsage ba. Ka zuba shi cikin kiliyar tukuna, ka motsa, sannan hadana ta biyo, sannan tina. Awon yana jikin takardar kamfanin, kada ka auna da ido, kuma kada ka haɗa kiliyar wani kamfani da ruwan laushin wani.

Ruwan laushi fa yana da halinsa. Yana jinkirta bushewa, kuma in ka yi garajen goge kiliyar da inji sai ta yi ta danƙo. Yara na son lafta kiliya don sheƙi, alhali kauri ne ke fara tsagewa. Shafi biyu sun isa. In za ka gasa, kada ka wuce digiri 60, roba na karkacewa.

Kullum ka fesa wa guntuwar tsohuwar bamba daga haɗin da ka yi. Bayan kwana biyu ka lanƙwasa ta, ka tsaga fentin da reza, ka manna salatif ka fizge, ka ga abin da zai biyo shi. Sannan kada in sake ganin ka fesa 2K da ƙyalle a hanci, gubar da ke cikin hadana tana jawo asma. Ɗauko takunkumin nan na fenti.